Wane ne "farkakke" a aƙidar mabiya Buddha, kuma da me ake gane shi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon fili a shafin wasiƙu domin mu warware wani abu da ake yawan kuskurewa a rubutun Hausa da shirye-shiryen rediyo da kuma Facebook. Da zarar labari ya fito daga Myanmar ko Siri Lanka ko Tailan, sai ka ji an ce "Buddha, ubangijinsu", wani ya ce annabinsu ne, wani kuma ya ce ai sunan gunki ne kawai. Duka ukun nan babu wanda ya dace da abin da littattafan mutanen suka faɗa. Mu Musulmi ne masu koyar da darasin nazarin addinai a nan Legas, kuma ba tallar addinin kowa muka zo yi ba. Abin da ya dame mu shi ne 'yan'uwanmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba kullum suna kan hanyar Guangzhou da Bankok wajen saro kaya, ana kai marasa lafiyarmu Indiya, 'ya'yanmu suna karatu a Malesiya da Sin. Wanda zai yi ciniki da mutum ko maƙwabtaka, ballantana ya kira shi zuwa ga Musulunci, bai kamata ya fara da jingina masa abin da bai faɗa ba. Malaman da suka gabace mu sun san da haka. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya ware wa mabiya "Budd" wuri a littafinsa Al-Milal wan-Nihal, ya bayyana halayen da suke nema da laifukan da suke gudu.

Buddha laƙabi ne, ma'anarsa wanda ya farka. Mutumin da aka fi sani da shi sunansa Siddatta Gotama, ɗan wani basarake daga ƙabilar Sakya, an haife shi a Lumbini da ke ƙasar Nepal ta yau. Ya bar gida yana da shekara 29, ya yi shekara 6 yana bin malamai yana kuma azabtar da jikinsa da yunwa har ya kusa mutuwa, daga baya ya ga wannan hanya ba ta ɓullewa ya koma cin abinci daidai gwargwado. Yana da shekara 35, in ji mabiyansa, ya samu farkawa a gindin wata bishiya a Bodigaya, cikin jihar Bihar ta Indiya. Ya yi wa'azinsa na farko ga mutum 5 a Sarnat kusa da Baranasi, ya shafe shekara 45 yana yawon koyarwa, ya rasu a Kusinara yana da shekara 80. An yi saɓani a kan shekarun. Lissafin ƙasashen Kudu irin su Siri Lanka ya sa rasuwarsa a wajen 544 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsofaffin masu bincike na Turai suka ce 483, da yawa daga na yanzu kuma suna kusanto da ita zuwa wajen 400.

Tsofaffin littattafansu na harshen Pali, waɗanda aka fara rubutawa a Siri Lanka a ƙarni na 1 kafin Annabi Isa (AS) bayan an daɗe ana riƙe su da ka, sun kasa farkakku gida uku. Akwai cikakken Buddha, wanda ya gano hanyar da kansa a zamanin da ta ɓace, kuma ya iya koyar da ita. Irinsa ɗaya ne tak a zamani guda, sun ce an yi wasu kafin Gotama, kuma suna jiran wani mai suna Metteyya. Akwai wanda ya gano ta da kansa amma bai kafa al'umma ba, ya mutu da abinsa. Sai kuma arahant, wato almajirin da ya ji koyarwar ya bi ta har ƙarshe. Ta fuskar kuɓuta dukansu ɗaya ne, bambancin yana wajen wanda ya share hanya da wanda ya bi sawu. Babu wahayi a cikin wannan bayani, babu mai aikowa, shi ya sa kalmar annabi ba ta zauna a nan ba. Littattafan sun yarda akwai halittun sama masu tsawon rai da ake kira dewa, amma su ma suna mutuwa a sake haifar su, kuma ana nuna su suna zuwa wurin Buddha neman ilimi.

To da me ake auna farkawar? A nan ne yawancin masu bayani suke sakin hanya, domin suna tsammanin za su ji labarin haske ko tashi sama ko sanin gaibu. Ma'aunin da Sariputta, babban almajirin Gotama, ya bayar da aka tambaye shi mene ne nibbana, wato kuɓutar da farkakke yake samu, gajere ne: ƙarewar kwaɗayi, ƙarewar ƙiyayya, ƙarewar ruɗu. Waɗannan uku su ake kira wuta uku, kuma farkakke shi ne wanda suka mutu a zuciyarsa mutuwar da ba sa sake kamawa. Ana auna shi da abin da ya fita daga gare shi, kafin a yi maganar abin da ya samu. A aƙidarsu waɗannan wutaice ne suke ingiza mai rai daga haihuwa zuwa haihuwa. Maƙwabtanmu Yarbawa masu raɗa wa yaro Babatunde ko Yetunde sun san maganar dawowa duniya, sai dai mabiya Buddha ba su yarda akwai wani ruhi tabbatacce da ke ƙaura daga jiki zuwa jiki ba. Sun ce mutum haɗin abu 5 ne: jiki, da jin daɗi ko zafi, da shaida abu, da ƙudurorin zuciya, da sani, kuma kowanne yana sauyawa ba tsayawa. Abin da ke wucewa gaba sakamakon ayyuka ne da ƙishirwar ci gaba da wanzuwa.

Hanyar tana da rassa 8, amma masu koyar da ita sukan dunƙule su kashi uku da ake hawa a jere. Na farko gyaran hali. Ɗan gari, wato mabiyin da ba ruhubani ba, yana ɗaukar alkawari 5: kada ya kashe mai rai, kada ya ɗauki abin da ba a ba shi ba, kada ya yi zina, kada ya yi ƙarya, kada ya sha abin maye. Ruhubanawa kuwa, wato masu aske kai su sa mayafi ruwan goro su riƙe ƙoƙon bara, a mazhabar Terawada namiji yana da dokoki 227, mace 311. Ba sa cin abinci bayan rana ta take tsaka, dokarsu ta hana su karɓar kuɗi, kuma suna zaman wuri ɗaya wata 3 na damina. Na biyu tattara hankali, galibi ta hanyar bin numfashi, har abubuwa 5 da ke dagula zuciya su kwanta: sha'awa, da ƙullaci, da kasala da gyangyaɗi, da zaƙuwa da nadama, da shakka. Na uku duba abubuwan nan 5 da suka haɗa mutum, ɗaya bayan ɗaya, har ya gani da kansa cewa ba sa dawwama, ba sa gamsarwa, kuma babu wanda za a nuna a ce shi ne "ni".

Farkawar kanta ba ta zuwa a dunƙule. Littattafan Pali sun lissafa mari 10 da suka ɗaure mai rai, ana kuma tsinka su a matakai 4. A matakin farko, wanda ake kira shiga kogi, mari uku ne suke tsinkewa: ɗaukar cewa akwai wani "ni" tabbatacce a cikin jiki ko hankali, da shakka game da malamin da koyarwarsa, da zaton cewa tsarface-tsarface da ibadun al'ada su kaɗai za su kuɓutar da mutum. Wanda ya kai nan, a faɗarsu, ba zai wuce haihuwa 7 ba nan gaba, kuma ba zai faɗa wuta ko ya zama dabba ba. Amma fa har yanzu yana jin haushi, yana sha'awa, yana iya aure da kasuwanci. Anatapindika, attajirin birnin Sawatti wanda ya sayi lambun Jeta ya ba Gotama da almajiransa, a wannan mataki ake lissafa shi, bai kuma bar dukiyarsa ba. A mataki na biyu babu marin da ke tsinkewa, sha'awa da ƙullaci ne kawai suke yin rauni, mai shi kuma sau ɗaya ya rage ya dawo duniyar mutane. A na uku waɗannan biyun suna tsinkewa gaba ɗaya, mai shi ba ya dawowa nan, sai a haife shi a wata sama ta musamman ya ƙarasa a can.

Biyar ɗin ƙarshe su ne suka fi wuyar gani, domin suna kama da nagarta. Akwai kwaɗayin samammai masu siffa, da kwaɗayin samammai marasa siffa, wato son ni'imar da zurfin natsuwa ke kawowa. Akwai jin kai, kuma a nan ba girman kai kaɗai ake nufi ba. Duk gwada kai da wani ya shiga ciki, ko ka ce na fi wane, ko mun yi daidai, ko ma ka ce wane ya fi ni. Wani ruhubani mai suna Kemaka, da yake kwance ba lafiya abokansa suka aiko suna tambayarsa, ya ce ba ya ɗaukar ko ɗaya daga abubuwa 5 ɗin nan a matsayin kansa, amma har yanzu wani ɗan jin "ga ni" bai bar shi ba, kamar yadda tufar da aka wanke tas take riƙe warin abin wankin. Sai kuma zaƙuwar zuciya, sai jahilci wanda shi ne tushen sauran. Wanda ya tsinka duka 10 shi ne arahant, namiji ne ko mace, domin littattafan sun ambaci mata irin su Kema da Patacara a wannan matsayi.

Labarin Ananda ya isa ya nuna tazarar da ke tsakanin matakan. Ɗan'uwan Gotama ne, ya yi masa hidima shekara 25, babu wanda ya kai shi haddace maganganunsa. Duk da haka a ranar da malaminsa zai rasu yana matakin farko ne, ya koma gefe ya jingina da ƙofa yana kuka. Waɗanda suka kai ƙarshe ba su yi kuka ba. An ce sai a daren jajibirin taron da ruhubanawa 500 suka yi a Rajagaha don tattara koyarwar ne ya ƙarasa. Yawan hadda da kusanci da malami ba su tsinka masa mari ba.

Wani abin da ake mantawa shi ne farkakke yana nan da jikinsa, jiki kuwa yana ciwo. Littattafan Pali ba su ɓoye wannan ba. Sun kawo inda Gotama ya ce bayansa na ciwo, ya umarci Sariputta ya ci gaba da wa'azi shi kuma ya miƙe ya huta. Sun kawo yadda tsagin dutsen da Dewadatta, wani almajirinsa da ya juya masa baya, ya gangaro masa ya yanke shi a ƙafa har jini ya zuba, da yadda a tsufansa ya kwatanta jikinsa da tsohon amalanke da aka ɗaɗɗaure da igiyoyi, da ciwon ciki mai zubar jini da ya kama shi bayan abincin da ya ci a gidan Cunda maƙeri, wanda ya zama ajalinsa. Moggallana, almajirinsa na biyu a daraja, 'yan fashi ne suka yi masa dukan da ya kashe shi. Bayanin da suke yi shi ne na kibiya biyu. Mutum gama-gari idan ciwo ya same shi kibiya biyu ce ta soke shi, ta jiki da ta zuciya, wato raki da tsoro da "me ya sa sai ni". Farkakke ta farkon kaɗai take samunsa. Haka ma iskoki 8 na duniya, riba da asara, ɗaukaka da ƙasƙanci, yabo da zargi, daɗi da wuya, duk suna kaɗa shi kamar kowa, zuciyar ce ba ta karkata. Saboda haka suka raba nibbana biyu: wadda ake samu da sauran jiki, da wadda ke zuwa idan jikin ya faɗi.

An kuma ƙayyade abubuwa 9 da arahant ba zai iya aikatawa ba, kuma lafazin da aka yi amfani da shi na rashin iyawa ne, ya wuce hani. Ba zai kashe rai da gangan ba, ba zai yi sata ba, ba zai kusanci jima'i ba, ba zai yi ƙarya yana sane ba, ba zai tara kayan jin daɗi ya adana kamar yadda yake yi sa'ad da yake ɗan gari ba, kuma ba zai karkata a hukunci saboda so, ko ƙi, ko ruɗu, ko tsoro ba. Duk mai hankali zai ga wannan jeri an yi shi ne don na waje ya iya dubawa da idonsa.

Inda abin yake lalacewa ga masu bin hanyar an rubuta shi dalla-dalla, kuma nan ne ya fi cancantar a tsaya. Matsala ta farko rikita danniya da tugewa. Zurfin tattara hankali, wanda suke kira jhana kuma yake da hawa 4, yana danne sha'awa da ƙullaci har mutum ya yi watanni bai ji motsinsu ba, sai ya ɗauka sun ƙare. Kamar manomin da ya share gona da fartanya ne ya bar saiwar ƙiri-ƙiri a ƙasa, ruwan farko ya isa ya tona asirin aikinsa. Mutumin da ya yi halwa a dawa ya dawo gari aka zage shi, ko aka yabe shi, ko aka ajiye masa kuɗi a gaba, a nan ake sanin ko an tuge ko an danne. Tugewa aikin kashi na uku ne, wato gani da ido na basira, natsuwa ita kaɗai ba ta yin sa.

Matsala ta biyu tana zuwa ne ga wanda ya fara samun basirar. Buddagosa, malamin da ya yi rubutu a Siri Lanka a ƙarni na 5, ya lissafa abubuwa 10 da ke taso wa mai zaman natsuwa a tsakiyar tafiya: ganin haske, da kaifin fahimta, da tsumar farin ciki, da sanyin jiki, da jin daɗi, da ƙarfin yarda, da ƙwazo, da tsayuwar hankali, da ko-in-kula na natsuwa, da kuma wata siririyar ƙauna ga duk waɗannan. Tara na farko ba laifi ba ne, alamar aiki na tafiya ne. Illar tana cikin na goma, domin shi ne yake sa mutum ya ce na iso, ya ajiye aikin, ya fara tara almajirai. Maganin da aka rubuta shi ne ya dubi hasken ko daɗin kamar yadda yake duban ciwon gwiwa, ya ga shi ma ya zo ne zai tafi.

Saboda haɗarin nan dokar ruhubanawa ta tsananta a kan da'awa. Laifuka 4 ne suke korar ruhubani daga jama'ar har abada: jima'i, da sata, da kashe mutum, da yin ƙaryar cewa ya kai wani matsayi na ruhi. An ajiye ƙaryar matsayi a sahu ɗaya da kisan kai. An yi rangwame ga wanda ya faɗa bisa kuskuren zato, amma ko da gaskiya ne, laifi ne ruhubani ya gaya wa ɗan gari matsayinsa. Haka nuna abin al'ajabi. An ruwaito cewa Pindola Baradwaja ya tashi sama ya ɗauko wani akushin itace mai daraja da wani attajiri ya rataye a kan dogon gora don gwaji, Gotama ya tsawata masa, ya sa aka farfasa akushin, ya kafa dokar hana nuna irin wannan ga jama'a. Littattafan ba su musanta abubuwan al'ajabi ba, amma sun ce Dewadatta ma yana da su, ga shi kuma ya nemi kashe malaminsa. Game da sanin komai, akwai inda Gotama ya ƙaryata masu cewa yana sane da komai a kowane lokaci, a tafe ko a tsaye ko a barci. Malaman baya ne suka fassara cewa yana iya sanin duk abin da ya juya hankalinsa gare shi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye a Legas. Ana samun masu tallar "buɗe ido na uku" da "farkawa cikin mako guda" a intanet, suna liƙa hoton Buddha, suna haɗa shi da alkawarin arziƙi da farin jini, suna karɓar kuɗin rajista. Matasanmu masu neman mafita suna iya faɗawa. Ko da ma'aunin addinin da suke ara sunansa aka auna su, sun faɗi tun a tambayar farko, domin sun yi da'awa, sun sa farashi, kuma abin da suke sayarwa shi ne kwaɗayin da aka ce a kashe. Da Sarki Pasenadi na Kosala ya nuna wa Gotama wasu masu zuhudu ya ce ga arahant nan, amsar da ya samu ita ce ana sanin halin mutum ta zama da shi, da gaskiyarsa ta mu'amala, da juriyarsa a lokacin masifa, da hikimarsa ta tattaunawa, kuma duk sai an daɗe, sai mai lura, sai mai hankali. Mai karatu zai tuna abin da ake ruwaitowa daga Sayyidina Umar (RA) a kan mai ba da shaida: ka yi maƙwabtaka da shi, ka yi tafiya da shi, ka yi cinikin kuɗi da shi?

Da wannan ma'auni ya kamata a karanta labarin Myanmar. A 2017 Musulmin Rohingya sama da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladesh, kuma akwai ruhubanawa irin su Wirathu da suka yi shekaru suna hura wutar ƙiyayya ga Musulmi. Zaluncin gaskiya ne, ba mai wanke shi. Majalisar ruhubanawan Myanmar da kanta ta dakatar da Wirathu daga wa'azi na shekara guda a watan Maris na 2017, ko da yake wannan bai share hawayen kowa ba. Abin da muke so ɗan jarida ya riƙe shi ne mayafi ruwan goro shaidar shiga makaranta ce kawai. Mai wa'azin ƙiyayya, bisa littafinsa, ƙullaci na nan da ransa a zuciyarsa, kuma Musulmin da ya san wannan yana da hujjar da zai kama shi da ita daga cikin gidansa.

Ina farkakke yake tafiya idan ya mutu? Wannan tambaya Gotama ya ƙi amsa ta. Wani mai yawon neman ilimi, Waccagotta, ya jero masa zaɓi 4: yana nan bayan mutuwa, ba ya nan, yana nan kuma ba ya nan, ko babu ɗaya daga ciki. Gotama ya ce duk ba su dace ba, ya tambaye shi idan wutar da ke ci a gabanka ta cinye itacenta ta mutu, gabas ta yi ko yamma? A nan hanyarsu da tamu suka rabu rabuwa mai nisa, kuma ba ma son a shafa wa abin mai. Mu mun yi imani da Mahalicci ɗaya, da ruhi, da rayuwa ɗaya, da tashin ƙiyama da hisabi, da cewa tsira tana samuwa da rahamar Allah. Su babu mahalicci a lissafinsu, tsira kuma aikin mutum ne da kansa. Masu cewa nibbana ita ce Aljanna, ko ita ce fana'i da sufaye ke magana a kai, sun haɗa abin da ba ya haɗuwa, domin mai fana'i yana da Ubangijin da yake nufa.

Duk abin da ya gabata bayanin Terawada ne, mazhabar Siri Lanka da Myanmar da Tailan da Kambodiya da Lawos. Ɗan kasuwar da ya sauka a Sin ko Japan ko Koriya ko Biyetnam zai tarar da mazhabar Mahayana, kuma a can hoton ya sauya sosai. Sun ɗauki matsayin arahant a matsayin zango, burinsu shi ne bodisatwa, wanda ya yi alwashin zama cikakken Buddha domin ya fitar da dukan masu rai. Yana cika halaye 6, kyauta da kamun kai da haƙuri da ƙwazo da natsuwa da hikima, yana hawa matakai 10, cikin zamunna uku da suka ce ba sa ƙirguwa. Sun ce Buddha yana da jiki uku: jikin gaskiya marar siffa, da jikin ni'ima da manyan bodisatwa ke gani, da jikin bayyana wanda ya taka ƙasar Indiya. A wannan fahimta tsufansa da mutuwarsa nuni ne don koyarwa. Miliyoyin mutane a Sin da Japan suna kiran sunan Amitaba suna fatan a haife su a ƙasarsa mai tsarki, mutanen Tibet kuma suna ɗaukar Dalai Lama, wanda na yanzu shi ne na 14 kuma an haife shi a 1935, a matsayin bayyanar bodisatwan tausayi. A nan kam akwai roƙo da dogaro da suka yi kama da bauta ƙwarai, ko da malamansu sun dage cewa waɗannan ba mahalicta ba ne. Ko a ƙasashen Terawada, inda malamai ke cewa furanni da turaren da ake ajiyewa gaban mutum-mutumi tunawa ce kawai tunda Gotama ya wuce ba ya karɓa, talaka yakan durƙusa ya roƙi sa'ar kasuwa. Hukuncin sujada ga wanin Allah a wurinmu sananne ne. Mai rahoto dai ya bambance abin da littafi ya ce da abin da jama'a ke yi, ya kuma faɗi wace mazhaba yake magana a kai.

Muna da roƙo ɗaya ga masu zaɓar hotuna a jaridarka. Mutum-mutumin nan mai ƙaton tumbi da dariya, wanda ake gani a gidajen abincin 'yan Sin a Victoria Island da shagunan kasuwarsu ta Ojota, ba Gotama ba ne. Budai ne, wani ruhubanin ƙasar Sin na ƙarni na 10 mai yawo da buhu, wanda daga baya aka ɗauke shi alamar wadata aka kuma danganta shi da Buddhan da ake jira. Siffar Gotama siririya ce, da dogayen kunnuwa da tudu a tsakar kai. Idan yana zaune hannunsa na dama na taɓa ƙasa, daren farkawarsa a Bodigaya ake nunawa. Idan hannayen biyu suna gaban ƙirji yatsu sun haɗu, wa'azin Sarnat ne. Idan kuma yana kwance a gefen dama ya tallafi kai, kamar mai tsawon mita 46 da ke Wat Pho a Bankok wanda 'yan kasuwarmu da yawa suka gani, kwanciyar rasuwarsa ce, don haka kada a rubuta a ƙarƙashin hoton cewa barci yake yi.

Mun gode da ba mu wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridar albarka.

Wassalam,
Wasu malaman darasin nazarin addinai,
Agege, Legas.